Wartinah Mai Sikeli

A ƙauyen Kedungwatu, cikin duwatsun da ke kudu da birnin Yogya, har yau idan Wartinah ta biyo ta bayan gida mata na girki, sai ka ga hannu ya kai kan murfi ya rufe tukunya. Yawancin masu rufewar ma ba su san dalili ba, a wurin iyayensu suka gani. Ita kuwa ta daina lura tun da daɗewa, ko kuma dai ta daina nuna ta lura.

Abin ya faro ne a shekarar da ta cika ashirin da ɗaya. Ita kaɗai ce wurin mahaifinta, Pak Kromo, wato Baba Kromo. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙaninta, jaririn ma bai kwana ba. Tsohon ya lallaɓa da gonar rogo da awaki huɗu har ya kai ta ƙarshen sakandare a garin Wonosari, abin da babu macen da ta taɓa yi a ƙauyen. Ta dawo gida da takarda babu aiki, tana ɓare rogo kamar kowa.

Rannan da rani wata jif ta tsaya a ƙofar gidan dagaci, wata siririyar mace mai tabarau ta sauko. Dokta Windarti ce, malamar jami'a daga Yogya, mai nazarin abinci da lafiyar jama'a. So take ta gano abin da ya sa ake haifar jariran yankin ƙanana kamar 'yan kyanwa, iyayensu mata kuma jini kaɗan ke zuba su tafi. Ta ce tana neman yarinya mai kyan rubutu, wadda ta iya lissafi, kuma marar surutu.

"Idan rashin surutu ne, ga 'yar Kromo can," in ji dagaci. "Gaisuwa ma sai an jawo ta da igiya."

Aikin a baki ba shi da wuya. Za ta shiga duk gidan da ke da mai ciki ta yi kwana uku tana zuwa, daga hura wutar safe har a kwashe kwanukan yamma. Duk abin da zai shiga tukunya ta auna a kan ƙaramin sikelin da aka ba ta. Duk abin da aka zuba wa kowa ta auna, abin da ya rage a kwano ma ta auna, ta rubuta. Sai doka guda wadda ta fi sauran nauyi: kada ta ci komai a gidan, ko loma ɗaya, domin abin da ta ci daga bakin wani aka rage shi, lissafi ya ɓaci. Nata abincin takan ƙunso shi a ganye daga gida, ta ci a bakin ƙofa.

A gida na farko wata tsohuwa, Mbah Joyo, wato Kaka Joyo, ta turo mata kwano.

"Matso ki ci, 'yar nan."

"Na gode, Mbah, na zo da nawa."

"Namu guba ne?"

"An hana ni ne."

"To rubuta a littafinki: tsohuwa ta yi tayi an ƙi. Ki ɗora wulaƙancin a kan sikeli mu ji giram nawa ne."

Duk gidan aka kwashe da dariya, har da Wartinah. Amma dariyar ba ta wuce wata guda ba. Ba wanda ke son a zauna masa a kai ana kallon lomarsa, balle mutumin da ya san lomar ba ta da yawa. Ranar farko kowane gida sai ya aro shinkafa da ƙwai a maƙwabta, a yi girki kamar na Sallah. Rana ta biyu a rage. Rana ta uku ƙarya ta ƙare, a koma tiwul, dambun garin rogo, da ganyen rogo da gishiri da barkono. Dokta ta san da haka, shi ya sa takan tsallake shafin farko ta je na uku. Mutanen ƙauye ma sun gane rana ta uku ce ake so, kuma ba su yafe wa wadda ke zama ta jira ta ba. Yara suka laƙaba mata Mai Sikeli. Ƙawayenta da suke zuwa tafki ɗiban ruwa tare suka fara yin shiru idan ta iso, don kowacce ta san Wartinah ta ga gindin tukunyar uwarta.

Abin da ta gani kuwa, abu ne da ta tashi tana gani, ba ta taɓa ɗaukarsa komai ba sai da ta rubuta shi da lamba. Maigida ke fara ci, sai samari masu zuwa gona, sai yara, sai surukuwa. Mai ciki ita ce ta ƙarshe, a tsaye, a gefen murhu, tana kankarar abin da ya manne a madambaci. Idan aka yi magana sai tsofaffi su ce ai gara haka, kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita.

Cikin wata na bakwai da fara aikin, layi ya zo kan gidan Mbah Sonto. Wannan gida kuwa shi ne gidan da Wartinah za ta shiga aure. An riga an yi magana tsakaninta da Ngadiyo, autan tsohuwar, an duba ranakun haihuwarsu an ce sun dace, an sa biki bayan girbin gyaɗa. Matar wansa, Painem, na da cikin wata bakwai. Su tara ne a gidan.

Mbah Sonto ba ta aro shinkafa ba, ta fi ƙarfin haka. Ta yi rabonta yadda ta saba, idonta cikin idon Wartinah. Abin da ya shiga cikin Painem a yini guda bai kai giram ɗari biyu na tiwul ba, da ganye cokali biyu, da kan busasshen kifi wanda mijinta ya bari.

Da yammar rana ta biyu Ngadiyo ya raka ta gida. Da suka kai wajen itatuwan katakon da ake kira jati sai ya buɗe baki.

"Tinah, ki ɗan ƙara wa Painem a rubutun."

"In ƙara mata me, Mas?" in ji ta, don da Mas take kiransa, wato Yaya.

"Ko ludayi ɗaya. Wa zai sani?"

"Ku ƙara mata a kwano, ni kuma in ƙara a takarda."

"Kin san halin tsohuwa. Gidan nan fa za ki zauna."

Ya kai ta har ƙofa ya juya. Ta yi tunanin abin sosai, domin tana son Ngadiyo, yana da sanyin hali, kuma shi kaɗai ne bai taɓa kiranta Mai Sikeli ba. Washegari ta ɗora kwanon Painem a kan sikeli, ta daɗe tana kallon allurar, sannan ta rubuta abin da allurar ta nuna.

Da lambobi suka taru, Dokta ta samo tallafi aka fara ba kowace mai ciki ƙwai bakwai da mudun ƙananan wake da ƙwayar ƙarin jini, duk mako, ta kai gida. Wata huɗu ana yi, nauyin matan bai motsa ba. Wata rana Dokta na zaune a barandar dagaci da takardu baje a cinya, tana magana ita kaɗai, ko ƙwan ne ya yi kaɗan, ko tsutsar ciki ce ke cinyewa. Wartinah na gefe tana fere fensir.

"Bu Dokta," ta ce, wato Uwargida Dokta, murya ƙasa-ƙasa, "ba su suke ci ba."

"Kamar yaya?"

"Duk abin da ya shiga gida ya zama na gida. Ƙwai na maigida ne da yara, wake kuma a kai kasuwa. Mace ba za ta iya cin ƙwai ɗanta na kallonta ba. Sai dai a dafa a nan, ta zauna a nan, ta cinye a nan."

Dokta ta cire tabarau ta kalle ta. "Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun makon farko."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba ki tambaye ni ba, Bu."

Haka aka koma. Aka kafa murhu a bayan gidan dagaci, sau uku a mako mata su zo su sha kunun wake, su ci ƙwai, su haɗiye ƙwaya a gaban ungozoma. Kafin shekara ta zagayo jariran Kedungwatu sun fara cika zani. Dokta ta rubuta takarda aka buga a ƙasar waje, daga baya hukumar lafiya ta yankin ta ɗauki tsarin, wasu yankuna suka kwaikwaya.

Amma kafin duk wannan an yi taron da ya canja wa Wartinah rayuwa. Dokta ta tara mutanen ƙauye don ta gaya musu abin da aka gano. Ba ta kama sunan kowa ba. Sai dai da ta so ta ba da misali mai ratsa jiki, ta ce akwai wani gida mai mutum tara, inda mai cikin wata bakwai ke wuni da kan kifi ɗaya. A birni wannan ɓoye suna ne. A Kedungwatu kuwa kafin ta rufe baki kowa ya gama ƙirge, kawuna sun juya wajen Mbah Sonto. Tsohuwar ta miƙe, ta gyara zaninta, ta fita.

Bayan kwana biyar wani dattijo ya zo wurin Pak Kromo da sallama mai tsawo. Ya ce an sake duba ranakun haihuwar yaran, ashe da farko kuskure aka yi, ba su dace ba, idan aka haɗa su ɗaya ba zai yi tsawon rai ba. Pak Kromo ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ngadiyo bai zo ba. Shekara biyu bayan nan ya auri wata daga ƙauyen gaba, suka bi masu ƙaura zuwa tsibirin Sumatra. Painem kuwa ita ta kwashi sauran fushin. Surukarta ta riƙa cika mata kwano a gaban maƙwabta tana cewa, "Ci, kada a sake kai mu jami'a," sannan ta hana ta taka bayan gidan dagaci. Cikin da ta yi na gaba, ita kaɗai ce a duk ƙauyen ba ta taɓa zuwa cin ƙwan nan ba. Tun daga lokacin idan suka haɗu da Wartinah a hanya sai ta kau da kai.

Da Dokta ta ji labari, ita kaɗai ta zo, a motar haya. Ta zauna a kan gadon gora na tsakar gidan su Wartinah.

"Na ɓata miki, Tinah," ta ce. "Bakina ne ya yi, ke kika biya."

"Ai gaskiya kika faɗa, Bu."

"Gaskiya ce, amma ba a nan ya kamata in faɗe ta ba. Ki biyo ni Yogya. Zan samo miki aiki a ofishinmu, ki ƙara karatu."

Wartinah ta dubi ɗakin da mahaifinta ke kwance yana tari, ta girgiza kai. Dokta ba ta matsa ba. Lokacin cin abinci ya yi, Wartinah na jin kunyar fito da tiwul, sai baƙuwar ta shiga kicin da kanta ta ɗebo, ta ci da hannu, ta nemi ƙari, tana ƙorafin barkono ya yi kaɗan. Rabon Wartinah da ta ci abinci kwano ɗaya da wata mace ya fi shekara.

Binciken ya ƙare bayan shekara biyar. Wartinah ta ci gaba da aikin sa-kai a wurin awon yara na wata-wata, tana rataye jarirai a zani tana karanta nauyi ga ungozoma. Mahaifinta ya rasu tana da talatin da huɗu, gidan ya rage daga ita sai awaki. An zo neman aurenta sau biyu, duk gwauraye masu neman mai reno, ta ce a'a. Mutane ba su tsane ta ba. Idan biki ya tashi ita ake fara aika wa, domin babu mai kimanta shinkafar mutum ɗari uku kamarta, ba ta ragewa, ba ta yin saura. Za ta auna, ta raba wa masu dahuwa, a gode mata, a ƙunsa mata nata a ganye a miƙa mata. Ba wanda ya taɓa cewa kada ta zauna cikin mata ta ci. Ba kuma wanda ya taɓa matsa mata wuri a tabarma.

Dokta kan aiko da kati duk ƙaramar Sallah, ta kuma zo duk shekara biyu ko uku. Ta zama farfesa, an san ta har ƙasashen waje, amma idan ta zo sai ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a gadon gora, su yi ta hirar wadda ta haihu da wadda ta rasu, da jariran da suka auna da yanzu suke tuƙa babur. A waɗannan ranakun ne kawai maƙwabta ke jin dariyar Wartinah ta katanga. Sannu a hankali zuwan ya yi nisa, rubutun katin ya fara karkacewa, daga baya katin ma ya tsaya. Wartinah ba ta da lambar kowa a Yogya, kuma ba ta ga dacewar ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar farfesa ba.

Tana da hamsin da shida, a ƙarshen rani, ungozomar ƙauyen ta kawo mata takardar gayyata. Jami'a za ta karrama Farfesa Windarti kan cikarta saba'in da biyar, kuma ita ce da kanta ta sa a nemo Wartinah. Ta fito da rigarta ta zuwa biki, ta baza rogon da ta ɓare a tsakar gida ya ci gaba da shan rana, ta zuba wa awaki ganye, ta kama bas ɗin farko. Ba ta gaya wa kowa za ta yi tafiya ba, don ba ta saba da gaya wa kowa komai ba.

Ɗakin taron ya yi sanyi har yatsunta suka ƙage. Ta zauna can baya kusa da wata malama mai ƙamshin turare. Wani farfesa, tsohon ɗalibin Dokta, ya yi ta haska hotuna a bango: taswira mai ɗige-ɗige na wuraren da suka ɗauki tsarin ci-a-nan, jerin ɗaliban da ta yaye, sannan wata babbar lamba. Ya ce masana sun ambaci takardarta ta Kedungwatu fiye da sau dubu ɗaya da ɗari uku. Aka tafa.

Wartinah ta sunkuya wajen maƙwabciyarta. "Bu, su waye suka ambata?"

"Masu bincike, a duk duniya."

"Sun taɓa zuwa Kedungwatu?"

Matar ta yi murmushi. "Ba sai sun je ba, ai lambobin suna cikin takardar."

Wartinah ta gyaɗa kai. Ta san lambobin. Ta san wadda ta fi kowacce ƙanƙanta a jadawali na biyu, ta san kwanon da ta fito daga ciki, kwanon Painem ne na ƙarfe mai tsaga a baki. An kuma haska hoton wata yarinya ta ba da baya, durƙushe gaban murhu da sikeli. Ba a rubuta suna ba. Sai da ta ga ɗaurin gashin sannan ta gane kanta.

Dokta na gaba a keken marasa lafiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, 'yarta ce ta karanta jawabinta. Bayan an tashi mutane suka yi mata layi da furanni. Wartinah ta tsaya jikin bango har layin ya ƙare. Da tsohuwar ta hango ta sai ta ɗaga hannun hagu tana bugun hannun keken, har 'yar ta gane ta turo ta.

Wartinah ta durƙusa ta kama hannun ta kai goshinta. Hannun ba nauyi ko kaɗan.

"Ti... nah." Maganar na fita da ƙyar, ta gefen baki. "Kin tsufa."

"Ke ma ba ki ƙara yarinta ba, Bu."

Rabin fuskar ya yi dariya. Sai ta daɗe tana kokawa da wata kalma, Wartinah ta kai kunne kusa.

"Painem?"

"Tana nan, Bu. Jikokinta biyar. Ta farkon ma ta haihu bana, kilo uku da ɗari biyu, ni na auna."

"Ta... yafe?"

Wartinah ta so ta ce e. Kusan shekara talatin da biyar ke nan Dokta na ɗauke da abin, kalma ɗaya za ta sauke mata. Amma Dokta ta kafe ta da ido ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa shafi na uku.

"Ba ta ce ba, Bu."

Tsohuwar ta lumshe ido, ta matse mata hannu. 'Yar ta duba agogo ta ce shugaban jami'a na jira a ɗauki hoto, a yi haƙuri, wata rana a zo gida a yi hira sosai. Aka juya keken. Wannan ne ganinsu na ƙarshe. Dokta ta rasu bayan wata huɗu, labarin bai iso Kedungwatu ba sai da aka yi sadakar arba'in.

A bakin ƙofa aka miƙa wa Wartinah abinci a kwali da jaka mai hoton farfesa. Ta riƙe su a cinya har tasha. Bas na fara hawan dutse sai sama ta haɗe, ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mako uku kafin lokacinsa. Fasinjoji suka hau murna suna maganar shuka. Ita kuwa rogonta ta tuna.

Ta iso bayan la'asar ruwa ya ɗauke. Kowane gida an kwashe shanya, tsakar gidaje fayau. Nata kawai ke baje cikin taɓo, aikin mako biyu, ya jiƙe sharkaf. Maƙwabciyarta Ginem ta leƙo ta katanga, ta ga rigar biki da jaka, ta dafe ƙirji.

"Ashe ba kya nan! Wallahi na ga ƙofa rufe na ɗauka kina ciki kina sallah. Ina kika je haka da kwalliya?"

"Yogya."

"Asibiti?"

"A'a, gaisuwa na je."

"Kai, da kin faɗa ai da yara sun kwashe miki. Yanzu duk baƙi zai yi."

"Ba komai, baƙin ma ana ci."

Ginem ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara magana, sai jikanta ya tsala kuka a ɗaki ta koma. Wartinah ta shiga ta cire rigar ta ninke, ta ɗaura tsohon zani, ta ɗauko kwando. Ta fara tsince rogon ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauraye taɓon a bokiti, wanda zai tsira gefe guda, wanda ya sha ruwa da yawa gefe guda. Awaki na ta kuka a garke, ta ce musu su jira ta gama.